Kwalba Ta Sha Bakwai

Safiyar Talata, asibitin Sinnuris,
fankar ɗakin gwaji na kukanta na kullum.
Na ɗaga kwalba ta sha bakwai ga haske:
launin ruwan da aka wanke nama.
Na juya ta in ga mai ita.
Abdel-Tawwab Gad, shekara sittin da huɗu.
Babana.
Mutumin da muka karya kumallo tare da wake da gurasa,
ya tambaye ni kuɗin lantarki,
bai ce mini uffan ba kan wannan.

Shekara tara ina karanta fitsarin mutanen Fayyum.
Na san na matar da mara ke wa zugi,
tana zarya banɗaki har asuba,
ƙwayar cuta ce, magani na 'yan kwanaki ya kore ta.
Na san na direban da tsakuwa ta murɗe wa kwiɓi,
ƙato guda, yana birgima, yana kiran uwarsa.
Zafi ɗan aike ne mai gaskiya,
da kunne yake jawo mutum gaban likita.
Jinin da ke zuwa ba sallama, ba raɗaɗi,
ya leƙo yau, ya ɓuya wata guda,
shi nake tsoro.

Na ɗiga a gilashi, na sunkuya kan madubi.
Jajayen ƙwayoyi, cunkus, kamar ranar kasuwa.
Na nemi ƙwan tsargiya mai ƙaya a gindi,
na roƙi Allah in gan shi,
don shi na san maganinsa.
Babu.

Da magariba na same shi bakin gona,
na'urar ban ruwa tana juyi tana kuka.
"Zoɓo ne, Nargis," in ji shi. "Na sha da yawa."
"Baba, na ga zoɓonka a madubi."
Ya yi shiru. Ya kunna sigari.
Ya ce suna yara, a ruwan Bahar Yusuf,
duk wanda ya iya iyo yana fitsarin ja,
manya su ce alamar zama namiji ce.
Ba wanda ya zargi katantanwa,
'yar mitsitsiya, lafe a gindin ciyawa.
Na dubi hayaƙin da ya yi shekara arba'in yana haɗiya,
na tuna duk dafin da ƙoda ta tace
a mafitsara yake kwana.

Likita Mervat ba ta da zagaye-zagaye.
Hoton ciki tukuna, ƙoda lafiya lau.
Sai siririyar kyamara ta bi hanyar fitsari,
babana ya kafe ido a rufi, yana ƙirga kunya.
Ga shi a allo, yana lilo kamar gansakuka a ruwa,
ƙari, bai kai dabino ba.

Aka kankare shi ba tare da an tsaga ciki ba.
Kwana goma muna jiran takarda,
uwata ta ƙona shinkafa sau uku.
Sakamako ya ce daji ne, amma bai yi saiwa a bango ba.
Mako shida ana ɗura magani a mafitsara,
yana dawowa da zazzaɓi da masifa,
kuma kowane wata uku, kyamara.

Ya bar taba. Yanzu 'ya'yan kabewa yake ɓarza,
ɓawo ko'ina, har cikin takalmina.

Jiya ya kawo kwalbarsa da kansa,
nannaɗe a jarida, kamar tsaraba.
Ba ni ke gwadawa ba, hannuna ba ya tsayawa,
Sabrin na miƙa wa.
Amma kafin ta karɓa na ɗaga ga taga.
Launin karan alkama.
Sabrin ta ce, "Akwai talatin suna jira."
Na ce, "Na sani. Ba ni minti ɗaya."